Gem Bai Fito Ba, an Riga an Gama Buga Shi a Dutse

A daren 4 ga Disamba 2023 kamfanin Rockstar Games ya saki tirelar farko ta gem ɗin Grand Theft Auto VI (GTA VI), sa'o'i kafin lokacin da ya ɗiba, don wani ya riga ya sace ta ya watsa a intanet. Tsawonta minti ɗaya da rabi ne kacal, amma kafin awa 24 ta cika an kalle ta fiye da sau miliyan 90 a YouTube. A cikin miliyoyin nan akwai kason samarin Takur da Yalwawa da Fagoji da Gida Dubu, akwai na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai kuma na 'yan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Kamfanin ya ce sai 2025. Da Mayun 2025 ya kama ya ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, a Nuwamba kuma ya sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Amma wanda ya zauna a bencin shagon gem a Dutse cikin shekarun nan zai rantse an buga gem ɗin an gama. An san wanda zai ci amanar wani tsakanin Lucia da Jason, jaruman gem ɗin, an san inda taswira ta tsaya, har an samu waɗanda suka yanke hukuncin cewa bai kama ƙafar tsohon GTA San Andreas ba.

Wani zai ce halin samari ne kawai, kowa da irin kansa, wani zumuɗi, wani ƙorafi, wani shaci-faɗi. A ganina abin da ya raba 'yan gem ɗin Dutse gida-gida shi ne nisan kowa da na'urar buga gem. Yaron da ke Amurka ko Ingila in an sanar da sabon gem tambaya ɗaya ce a gabansa, ya saya ko ya bari. Na Dutse jira biyu ne a kansa. Zai jira kamfani ya gama, sannan ya jira gem ɗin da na'urarsa su tsufa a hannun wasu, su zama gwanjo, su sauka a Legas, su iso titin Beirut a Kano, kafin wani mai ƙarfin hali ya ɗauko su ta hanyar Wudil. Lissafin a fili yake. A kan PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai aka sanar da GTA VI. PlayStation 5 ta fito a Nuwamba 2020 a kan dala 499. Da dala ta kai naira 1,500 a 2024 kuɗin ya tasam ma naira 750,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Albashin fiye da wata goma ke nan, ba ci ba sha, ba a kuma sayi faifai ko ɗaya ba. Don haka tsakanin ranar sanarwa da ranar da fad zai shiga hannu akwai shekaru, kuma ba a halicci saurayi ya zauna shekaru bakinsa a rufe ba. Kowa sai ya nemi abin cike tazarar, gwargwadon abin da ke aljihunsa.

Na farko shi ne mai fashin baƙi. Tun daren farko ya sauke tirelar da datar dare, bai kuma goge ta ba ko da memori ya cika, gara ya sadaukar da hotunan bikin yayarsa. Zai tsayar da hoto a daƙiƙa ta kaza, ya buɗa shi da yatsu biyu har ya dushe, ya miƙo maka waya mai tsagaggen gilashi ya ce, "Mutumina, dubi inuwar nan. Ka san me take nufi?" Ba ka sani ba, shi ma haka, amma zai yi rabin awa yana bayani. Ya haddace wurin da wani kada ke shiga kanti da wurin da ake jawo wani kada daga tafkin wanka. Ya san jihar Leonida, wadda aka ƙago a kan Florida, fiye da yadda ya san hanyar Miga. Kada a cika yi masa dariya, takwarorinsa na Turai sun fi shi nisa. A ƙarshen 2024 sun ɗauki wani hoto da Rockstar ya wallafa, suka auna girman watan da ke sararin samaniyar hoton, suka fitar da ranar da tirela ta biyu za ta zo. Ranar ta zo ta wuce shiru, tirelar ba ta fito ba sai 6 ga Mayu 2025. Namu bai karaya ba, cewa ya yi ai su ba su saba duban wata ba. Wanda ke da na'ura a ɗaki ba ya buƙatar wannan ƙwarewar, yana da wasu gem goma da zai rage dare da su. Fashin baƙi sana'ar wanda tirela ce kaɗai rabonsa, dole ya ja minti ɗaya da rabi har ya ishe shi kusan shekara ɗaya da rabi.

Kusa da shi akwai mai tambaya ɗaya tal. Ko na yaƙi aka sanar ko na ƙwallo ko na tseren mota, kafin a rufe baki zai ce, "Zai hau wayata?" Wayar kuwa Itel ce ko tsohuwar Tecno mai ram gig biyu, batir ya kumbura har murfin baya ya ɗago, an ɗaure da roba. In aka ce masa na PlayStation 5 ne sai ya gyaɗa kai, ka ɗauka ya gamsu, da dare kuma ya shiga neman GTA 6 na Android, megabait 200, mai aiki ba intanet. Zai kuwa samu, domin akwai waɗanda sana'arsu ke nan, su ɗauki tsohon gem su sauya masa bango, ko su cusa manhajar talla da ta sata a ciki. Da safe wayar ta cika da tallan caca da na bashi, tana zafi tana maƙalewa, shi kuma yana tsaye gaban mai gyara yana rantsuwa bai taɓa komai ba. Bayan mako biyu ya turo maka wani ta Xender, wai wannan karon na gaske ne. Da duk wannan, tambayarsa ta fi ta kowa ma'ana. Free Fire, wanda Garena ya fitar a 2017, ya mamaye ƙasashe irin tamu ne don yana hawa ƙananan wayoyi. Call of Duty: Warzone Mobile kuwa ya zo a Maris 2024 da hura hanci, sai waya mai tsada, yana kuma dafa batir, a Mayun 2025 kamfanin Activision ya janye shi daga rumbun manhajoji. Da sun zauna da mutuminmu na minti biyar da sun huta da asara.

Sai ɗan gargajiya, wanda a wurinsa an rufe ƙofar yin gem tun daga gem ɗin ƙwallo na PES 2013. Shekarunsa sun ɗan ja, ya yi aure, wataƙila malamin firamare ne ko ma'aikacin sakatariya. Ya tashi a zamanin Winning Eleven da PlayStation 2, lokacin da ake rubuta lambobin sirrin San Andreas a bayan littafin lissafi ana ɓoye wa abokai. Duk abin da aka nuna masa amsarsa guda ce: "Hoto ne kawai, ba gem a ciki." Yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Ranar 30 ga Satumba 2021 kamfanin Konami ya ajiye sunan PES ya fitar da eFootball 2022 bayan dogon alkawari. Fuskokin Messi da Ronaldo suka fito a karkace, ɗan wasa na gudu hannuwa a baya, gem ɗin ya faɗa can ƙarshen jerin maki a dandalin Steam, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ɗan gargajiya ya adana wannan labarin, yana fito da shi a kowane musu, ko da musun na tseren mota ne. Abin da ba zai faɗa ba shi ne, tsohon gem ne kaɗai inda har yanzu yake iya cin yara. In aka ba shi fad a sabo, ɗan shekara goma sha biyu zai zura masa biyar, ya kuma sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, a sake?" cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Akwai kuma abin da ke raya aƙidarsa. Kamfanin Sony ya daina ƙera PlayStation 2 tun farkon 2013, amma masu gyaran faifai ba su daina nasu aikin ba. Duk kaka suna sauya riguna da sunaye a tsohon gem su liƙa masa sabuwar shekara, haka ma a waya ta manhajar PPSSPP. Da Osimhen ya koma Galatasaray a Satumba 2024, bai daɗe ba ya bayyana da sabuwar riga a cikin gem ɗin da aka ƙera tun kafin duniya ta san sunansa. To mutumin da ake kawo wa sabuwar shekara a tsohuwar na'ura, me sanarwar kamfani za ta ƙara masa?

Ƙaninsa a aƙida shi ne mai cewa "canjin riga ne kawai", wanda ke farkawa duk Satumba in kamfanin EA ya kusa sakin gem ɗin ƙwallonsa na shekara. Tun da EA ya raba gari da hukumar FIFA ya koma EA Sports FC a 2023 yake rantsuwa ba abin da aka sauya sai lamba. Ranar da mai shago ya loda sabon kuwa, shi za ka tarar a benci tun ba a share ƙofa ba. A gefensa akwai mai ƙorafin maki, wanda bai damu da yadda gem ɗin yake ba, shi dai nawa aka ba ɗan wasansa. In aka rage wa Osimhen ko Lookman maki ɗaya a gudu, Turawa sun raina Afirka. In ɗan Barcelona aka rage wa, 'yan Madrid ne suka cika kamfanin. Jerin makin nan kyauta ake sakinsa, kuma shi kaɗai ne ɓangaren gem ɗin da ke isowa Dutse rana ɗaya da Landan. Shi ya sa a kansa ake zuba ƙarfin musun gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowa daɗin zama shi ne mai yaya a ƙasar waje. Yayan nan wani lokaci a Dubai yake, wani lokaci a Saudiyya, wani lokaci yana karatu a Indiya. Ba wanda ya taɓa sa shi a ido, amma ya riga ya buga duk gem ɗin da bai fito ba. Ta bakinsa aka ji cewa a GTA VI za ka iya yin aure har ka haihu, cewa faifan guda huɗu ne, cewa akwai Legas a taswirar sai dai an kulle ta. In ka nemi hujja sai a ce ai ya turo bidiyon, wayar ce ta faɗa ruwa. Ba a korarsa daga majalisa, kuma da dalili. A Satumba 2022 an yi wa Rockstar kutse, bidiyo kusan 90 na gem ɗin tun yana ɗanye suka bazu, kamfanin da kansa ya tabbatar. Tunda an taɓa satowa da gaske, wa zai dafa littafi ya ce wannan karon ƙarya ce? Inda kowa ke da na'ura irin wannan labarin kwana ɗaya yake yi, a kunna a gani. Inda ba mai ita yana iya shekara yana yawo, har ya je Gwaram ya dawo da ƙarin bayani.

Mai lissafi shi ba ya kallon tirela har ƙarshe, yana jin suna yake buɗe kalkuleta. Babban gem a wannan zamani dala 70 ne. Ya buga sau 1,500 ya samu naira 105,000, ya juya ta zuwa buhun shinkafa, zuwa kuɗin makaranta, zuwa kaso nawa ne na sadaki. Sannan ya ɗora data, tunda wasu gem ɗin sun haura gigabait 100, kuma a Janairu 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Shi ya kawo labarin da ya kashe wa majalisa jiki, cewa a Agusta 2025 an ƙara wa PlayStation 5 dala 50 a Amurka, tana dab da cika shekara biyar, alhali abin da talakan gem ya dogara da shi tun tale-tale shi ne in ya yi haƙuri kaya zai tsufa ya yi araha. Ba ƙin gem ɗin yake yi ba. Zuciyarsa yake lallashi ta yarda ba ta so.

Akwai kuma mai kishin gida, wanda ya riga ya tsara GTA Dutse a kansa: a taso daga Garu a kan babur, a ratsa tsakanin duwatsu, a kai kaya kasuwar Shuwarin kafin 'yan sanda su tare, maimakon jirgi mai saukar ungulu kuma a hau raƙumi. Yana so a yi gem ɗin dambe, a saka Jigawa Golden Stars da Kano Pillars a na ƙwallo. Burin ba hauka ba ne. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016, kuma Jigawa na da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki. Sai dai in aka zo kan wa zai zauna ya koyi rubuta manhaja, nan take yake tuna ana jiransa a gida.

Duk waɗannan masu magana ne. Mutum ɗaya ne a Dutse da sanarwar sabon gem ke taɓa wa aljihu kai tsaye, kuma shi ne wanda ba a jin bakinsa, wato mai shagon gem. Yana zaune a bakin ƙofa da littafin da yake rubuta wanda ya biya da wanda ake bi. Ga talabijin uku ko huɗu a jere a kan katako, ga fanka tana juya iska mai zafi, ga kwali cike da matattun fad da yake cire wa maɓalli yana raya wasu da su. In samari suka taru a kan waya suna ihun tirela, shi kallonsu yake yana auna nawa na'urar, wata nawa za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta, kuma a cikin masu ihun nan mutum nawa ne za su biya ƙarin kuɗin wasa ba tare da "Oga, a rubuta" ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, duk wasan da aka buga a kan janareto sai ya sha wani abu daga ribarsa. A Oktoban 2024, da manyan layukan wuta suka lalace Arewa ta yi fiye da mako a duhu, kyan hoton FC 25 da ya fito wata guda kafin nan bai dame shi ba. Abin da ke gabansa shi ne ya tayar da inji ko ya rufe shago.

Akwai kuma abin da masu ihun ba su lura da shi ba: gem irin GTA ba abokin mai shago ba ne. Ƙwallo minti goma ce, mutum biyu su zauna, wanda aka ci ya biya ya tashi, wani ya hau. Gem ɗin labari kuwa mutum ɗaya ne zai riƙe fad awa guda yana yawo a mota, goma na tsaye a bayansa suna shan fanka kyauta. Saboda haka gem ɗin da garin ke mafarki shi mai shago ya fi jan ƙafa a kai, wanda ake rainawa da cewa canjin riga ne kuma shi ke biyan haya. Kamfani a New York ne ke sa ranar fitowa, amma ranar fitowar gem a Dutse mai shago ke sa ta, bayan ya ga na'urar ta sauko a kasuwar Kano, an kuma samu yadda za a loda mata gem ba sai an sayi faifai ba. Shi ya sa PlayStation 3 da 4 ke ci gaba da neman kuɗi a shaguna shekaru bayan masu ƙera su sun wuce wurin. In mai sharhin gem na gaskiya ake nema a garin, to shi ne, don shi kaɗai ne in ya yi kuskure tukunyar gidansa ke ji. Jiransa irin na mai dashen dabino ne: ya san abin na shekaru ne, bai kuma ga amfanin tsayawa a gindin bishiya yana yi mata kirari ba.

A bayan kowa akwai ɗan kallo, yaron da aka aika sayen magi ya ratso ta shagon. Bai taɓa biyan kuɗin wasa ba, amma ya fi kowa sanin inda ya kamata a kai ƙwallo: "Ba shi! Buga mana! Kai, ka ɓata." Sabon gem da tsoho duk ɗaya ne a wurinsa, tunda duka da ido yake buga su. 'Yan mata kuwa ba su cikin jerin ne don ba su a benci. Suna gida da Ludo da Candy Crush a waya, ba wanda ya je ya ji ta bakinsu.

Za a ce ai waɗannan mutanen ko'ina akwai su, a Tokyo ma akwai mai fashin baƙi, a Landan akwai ɗan gargajiya, to ina ruwan nisa da rashin kuɗi? Akwai su kam. Sai dai a can akwai ranar hisabi. Gem ya fito, kowa ya buga, mai zumuɗi ya ji kunya ko mai kushe ya yi shiru, a wuce zuwa wani. A nan ranar ba ta zuwa wa kowa lokaci guda. Gem zai fito a duniya, jiran ya sauya kama kawai, daga kallon tirela a koma kallon wasu suna bugawa a YouTube da TikTok. Mai fashin baƙi ya zama mai ba da labarin gem ɗin da bai taɓa ba, mai yaya a waje ya buɗe sabon babi, ɗan gargajiya ya ci gaba da kushe abin da bai samu gwadawa ba. GTA V ya fito a Satumba 2013, amma kafin ya zama abin da yaro zai shiga shago a garuruwanmu ya buga da kuɗin tara an ci shekaru. Halin da a can ba ya wuce wata uku, a nan yana daɗewa har ya bi mutum ya zama laƙabinsa.

Ƙorafin iyaye da malamai ya fi wannan nauyi. Suna cewa ɓata lokaci ne, samari na yi wa kamfanin da bai san da zamansu ba talla kyauta. Rabin maganar haka take, Rockstar ba zai yi asara don Dutse ta yi fushi ba. Amma talla sai da mai saye, kuma mun ga babu shi. Abin da samarin ke samu a sanarwar shi ne abin musu da ba ya raba zumunci, kuma iyayen ma sun yi nasu a kan wasannin ƙwallon Raccah Rovers da a rediyo kawai suka ji. A wurin da siyasa ko bambancin aƙida ke iya watsa majalisa, musu a kan ko Lucia za ta ci amana ba ya kai kowa ofishin 'yan sanda. Ba a kuma tashi hannu rabbana: yaron da ya san bambancin ram da memori, ya iya buɗe matsattsen fayil, ya iya gane manhajar bogi bayan ta cuce shi sau uku, ya kama hanyar teburin gyaran waya. Wannan bai wanke wanda ya bar aji ya tare a benci ba, bai kuma wanke mai shagon da ke karɓar yaro da kayan makaranta da hantsi ba.

Inda ba ni da abin kare kowa shi ne abin da ke cikin gem ɗin. GTA labarin fashi ne da harbi da gidajen rawa. Masu tantancewa a Turai sun sa wa GTA V alamar shekara 18, na Amurka 17, kuma tirelar sabon ba ta ɓoye inda ta dosa ba. A jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, uban da ya ɗaure fuska da ya ga abin da ɗansa ke buɗawa da yatsu biyu bai yi laifi ba. Sai dai ya kamata ya san ta inda ɓarakar take. Na'urar naira dubu ɗari bakwai da hamsin ba za ta shigo gidansa ba. Abin da ya riga ya shigo waya ce da datar dare. Alamar shekarun da ke jikin kwali kuma ba ta da aiki a inda ba a sayen kwali, loda gem ake yi, ba wanda ya ga bangonsa balle lambar da ke kai. Nisan da ya haifi masu surutun shi ya ɗauke wannan shingen, kuma mai iya mayar da shi mai shagon nan ne dai, in ya ga dama ya ce wannan talabijin ta manya ce.

Saura mutum ɗaya, wanda da shi za a gwada duk maganar nan: ɗan Alhajin da ke da PlayStation 5 ta gaske a ɗakinsa. In hali ne ke sa surutu, ya kamata ya fi kowa. Amma in aka nuna masa tirela kallo ɗaya yake yi ya ce, "In ya fito ma gani." Ba ya fashin baƙi, ba ya buƙatar yaya a Dubai, ba ya taɓa kalkuleta. Damuwarsa wata ce daban. Tun ranar da labarin na'urar ya fita ya wayi gari da abokai da bai san ya yi ba, har da waɗanda suka tuna tare aka kai su allo. Takalma sun cika ƙofar ɗaki, Hajiya na tambaya ko suna ake yi ba a faɗa mata ba. Ranar da ya samu ya keɓe, na'urar ta ce sai an sabunta gem ɗin, gigabait kaza, sabis na jan jiki, ya kai kashi 80 a ɗauke wuta. In komai ya daidaita kuma, majalisar da ta shekara tana mafarkin birnin Vice City na GTA VI ƙwallo take sa a kunna mata, wanda aka ci ya tashi. Shi ma ɗan gargajiya ya zo ganin ido, ya juya fad ɗin ya ce ya yi nauyi, sannan ya rage murya ya tambaya ko za a iya loda mata PES 2013.